Sirrin Mara Lafiya: Nauyin da Doka ta Ɗora wa Asibitocin Najeriya

Magidanci ya tsaya a tagar ɗakin gwaje-gwaje da katin matarsa a hannu. Shi ya kawo ta asibiti shekaranjiya, shi ya biya kuɗin gwajin jini, yau kuma ya biyo ya karɓi sakamako saboda ita tana gida da yara. A yawancin asibitocinmu zaro takardar za a yi a miƙa masa, babu wanda zai ga aibin hakan. A wajen doka kuwa, ma'aikacin da ya miƙa takardar nan ya saɓa wa sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa, matuƙar matar ba ta bayar da izini a rubuce ba. Biyan kuɗin gwaji ba ya mallaka wa mutum sakamakon, kuma dokar ba ta lissafa miji, ko uba, ko ubangida a wurin aiki, cikin waɗanda za a buɗe wa fayil ɗin baligi mai hankali ba.

Mutane da dama, har da wasu ma'aikatan lafiya, idan suka ji wannan sai su ɗauka sabon salo ne aka shigo da shi. Alhali tun 2014 dokar take nan. Abin da ya sauya shi ne a 2023 an yi mata ƙanwa, wadda ta zo da hukumarta mai bin sawu da ikon cin tara mai nauyi.

Abin da ke rubuce

Tushen maganar yana cikin sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Ƙa'idojin aiki na majalisar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, su ma sun daɗe da hana likita fallasa abin da ya gani ko ya ji a bakin aiki. Amma Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ita ce ta zayyana abin filla-filla. Ta ce duk bayanin da ya shafi mara lafiya sirri ne: cutarsa, maganin da ake yi masa, har da zamansa a asibitin. Ke nan ko amsa tambayar "Wane yana kwance a nan?" akwai nauyi a kanta. Ƙofofin da ta bari a buɗe kaɗan ne. Ana iya bayyanawa idan mara lafiyan ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umarni ko wata doka ta wajabta, ko iyaye suka nema a madadin ƙaramin yaro, ko mai kula da wanda ba ya cikin halin yanke wa kansa shawara ya nema a madadinsa, ko kuma idan yin shirun zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari.

Sashe na 27 ya ba ma'aikata damar musayar bayani a tsakaninsu idan aikin jinyar ya buƙata kuma amfanin mara lafiyan ne. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin tsare fayil-fayil da wurin ajiyarsu, ya kuma mai da leƙa fayil ba da izini ba, da kwafarsa, da sauya abin da ke ciki, laifin da zai iya jawo ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. A 2014 wannan tarar kuɗi ce. Yau ko babur ba za ta saya ba.

Doka ta biyu ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yunin 2023. Ba don asibiti kaɗai aka yi ta ba, ta shafi banki da kamfanin waya da makaranta da duk mai tara bayanan mutane. Sai dai ta ware wasu bayanai ta ce sun fi saura haɗari idan suka fita, kuma halin lafiyar mutum yana cikinsu, tare da bayanan ƙwayoyin gado da hoton yatsa da addini da ƙabila. Duk wanda ya san abin da ke cikin katin asibiti ya san kusan dukkan waɗannan suna taruwa a shafi guda. Dokar ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, wadda Dakta Vincent Olatunji yake jagoranta, kuma a watan Maris na 2025 hukumar ta fitar da cikakken umarnin aiwatarwa da ya fara aiki a watan Satumbar shekarar, ya maye gurbin tsohon tsarin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta yi a 2019.

Hukumar ta kasa manyan masu riƙe da bayanai mataki uku. Bankunan kasuwanci da kamfanonin sadarwa suna sama. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da manyan asibitocin jiha, suna mataki na tsakiya. Ƙananan cibiyoyin lafiya na matakin farko da ɗakunan gwaji masu zaman kansu suna ƙasa. Kuɗin rajistar da hukumar ta sanar a 2024 shi ne naira 250,000 ga na sama, 100,000 ga na tsakiya, 10,000 ga na ƙasa. Rajistar ce mafi sauƙi a cikin aikin. Bayan ta akwai naɗa jami'in kare bayanai, da rubuta yarjejeniya da duk ɗan kwangilar da zai taɓa bayanan, da horar da ma'aikata, da gabatar wa hukumar rahoton bincike duk shekara idan babban asibiti ne. Idan kuma bayanai suka ɓalle ta yadda za su iya cutar da masu su, asibiti yana da awa 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da hukumar, idan haɗarin babba ne kuma ya sanar da marasa lafiyan su kansu ba tare da jinkiri ba.

Tarar ita ce ke ɗaga hankalin masu asibitoci. Ga manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga saura, naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. A lura, kuɗin shiga aka ce, ba riba ba, kuma asibitin kuɗi da ke juya miliyoyi yana kashe kusan duka a man janareta da albashi ya san bambancin. Hukumar ta nuna ba wasa take ba: a 2024 ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya musanta laifin, a 2025 kuma ta ci Multichoice, kamfanin da ke da DStv, naira miliyan 766.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata a kawar tun daga nan. Dokar ba ta ce sai mara lafiya ya sa hannu a takarda kafin likita ya rubuta masa kati ba. Sashe na 30 na dokar 2023 ya halatta amfani da bayanan lafiya domin jinya, idan a hannun ma'aikacin da ke ƙarƙashin alƙawarin riƙe sirri ne, ya kuma halatta shi domin ceton ran wanda ba ya iya magana. Wanda aka kwaso daga hatsarin mota a sume ba ya jiran fom. Inda ake buƙatar izini shi ne idan za a fitar da bayanin daga da'irar jinya: tura tallar magani zuwa lambobin wayar masu awon ciki, ba wa kamfani jerin sunayen masu ciwon suga, sa hoton mara lafiya a shafin asibiti. Hatta ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, idan zai ɗebi fayil da sunayen mutane a jiki, sashe na 28 na Dokar Lafiya ya ce sai da yardar mara lafiyan da shugaban asibiti da kwamitin ɗa'ar bincike. Idan an cire duk abin da zai sa a gane mutum, wannan sharaɗin ya faɗi.

Inda asiri ke tonuwa

Idan ana zancen kare bayanai, hankali yakan tafi ga masu kutse da kwamfuta. A ganina, a asibitocinmu baki da takarda da wayar hannu sun fi kutse ɓarna nesa ba kusa ba.

A ɗauki fayil. Daga ɗakin kati yake fitowa, masinja ya ɗauka, ko a danƙa wa mara lafiyan ko ɗan'uwansa ya kai ɗakin likita. Ya kwana a kan teburin nas ko a ƙarshen gado, inda duk mai zuwa dubiya zai iya buɗawa. Idan ɗakin kati ya cika, tsofaffin fayil-fayil su koma baranda ko wani sito da ba ya kulluwa, daga nan wasu su ƙare a bola. Ma'aikacin ɗakin kati ɗan unguwa ne, ya san mai fayil ɗin, ya san gidansu, wataƙila ma ƙanensa ne ke neman auren yarinyar. Ba sai ya yi niyyar cutarwa ba. Kalma guda a majalisa bayan la'asar ta isa.

A ɗauki zagayen likitoci da safe. Ɗaki mai gado 20 ko fiye, labule babu ko ya yage, babban likita yana tambayar ɗalibai da ƙarfi, su kuma suna karanto tarihin mara lafiya tun daga sana'arsa har yawan matansa. An saba dogara da Turanci a matsayin labule, ana ganin na gadon kusa ba zai fahimta ba. Wannan zamanin ya wuce. Ko wanda bai yi boko ba ya san laƙabin da ma'aikata ke yi wa cuta mai karya garkuwar jiki, ya kuma san wane ɗaki ne ake karɓar maganinta da ranar da ake zuwa. Wannan ne ya sa ake samun mai karɓar magani ya tsallake asibitin garinsu ya hau mota zuwa wani gari, ya kashe kuɗin da ba shi da su, wata rana kuɗin motar ya gagara ya tsallake shan magani. A nan ne tonon asiri ke zama matsalar lafiya kai tsaye, domin tsallake maganin yana ba ƙwayar cutar damar bijirewa. Haka abin yake ga mai tarin fuka, da mai farfaɗiya, da mai lalurar ƙwaƙwalwa, da yarinyar da ta zo da cikin da ba ta shirya faɗa ba. Wanda ya san maganarsa za ta riga shi isa gida, kemis zai nufa, ko ya zauna har abin ya ci ƙarfinsa.

Sai waya. Ƙaramin likita yana aikin dare, ya ga hoton ƙirji da ya rikita shi, ya ɗauka da wayarsa ya tura wa babban likita ta WhatsApp, cikin minti biyar amsa ta zo. Wannan al'ada ta ceci rayuka, kuma duk mai cewa a hana ta bai san yadda ƙarancin ƙwararru yake ba. Matsalar ita ce sunan da ke jikin takardar. Hoton yana zama a waya shekara da shekaru, yara su ɗauki wayar su yi wasa, ta lalace a kai wa mai gyara, ko a sayar da ita a kasuwar waya ba a goge ba. Wani lokaci a tura shi zauren da ke da mutum 80, ciki har da waɗanda suka bar aikin asibitin tuntuni. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: a rufe suna kafin a ɗauka, a yi amfani da lambar fayil, a tura wa mutum ɗaya, a goge bayan an gama.

Wanda ya fi wuyar magana shi ne hoton neman taimako. Mara lafiya ya rasa kuɗin aiki, wani ma'aikaci ko ɗan agaji ya ɗauki bidiyonsa a kan gado da ciwon a buɗe, ya sa a Facebook da lambar asusu. Sau da yawa kuɗin suna taruwa, aikin ya yiwu. Niyya mai kyau ce. Amma yardar wanda ciwo da talauci suka matse ba cikakkiyar yarda ba ce, kuma bidiyon ba ya mutuwa idan ciwon ya warke. Yarinyar da aka nuna tana fama da yoyon fitsari tana da shekara 15 za ta so yin aure wata rana. Ana iya neman taimako ba tare da fuska ba, da takardar shaida daga asibiti da asusun da asibitin ke kula da shi. Na 'yan siyasa masu shiga ɗakin marasa lafiya da ayarin masu kyamara don biyan kuɗin magani kuwa, shugaban asibitin da ya bar su suka ɗauki fuskokin mutane shi doka za ta fara tambaya.

Mai jinya, miji da waliyyi

A nan ne gizo ke saƙar. An rubuta dokokin nan da hoton mara lafiya shi kaɗai a gaban likitansa. Asibitinmu kuwa ba ya tafiya sai da mai jinya. Shi ke sayo magani da safar hannu, shi ke kai jini ɗakin gwaji ya karɓo sakamako, shi ke neman wanda zai ba da jini, shi ke wanke mara lafiya ya juya shi. Asibitin da ya jingina rabin aikin nas a kan dangi ba zai wayi gari ya ce musu ciwon ba ruwansu ba. Kuma mafi yawan marasa lafiya suna so danginsu su sani. Dattijuwar da aka kawo daga ƙauye za ta ce wa likita, "Ɗan nan, ka yi wa yayansu bayani, shi ya san kan abin."

Dokar ba ta hana wannan ba. Abin da ta yi shi ne ta mai da zaɓin hannun mai ciwon. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambaya tun ranar buɗe kati, a kuma rubuta: wa kike so mu riƙa yi wa bayani, wa kuma ba kya so? Amma tambayar ba ta da amfani idan an yi ta a gaban surukarta. Dole a sami minti biyu da mara lafiya ita kaɗai, kuma wannan fasaha ce da ake koya. Nas ɗin da ta iya aiki za ta ce, "Baba, ku ɗan jira mu a waje, za mu duba ta," ba tare da dattijon ya ji an kore shi ba. Wadda ba ta iya ba ko dai ta yi shiru ta bar kowa a ɗakin, ko ta yi tsawa a tashi da rigima. Horon da asibitoci ke buƙata ya fi kusa da wannan fiye da haddace sassan doka.

Akwai keɓantaccen yanayi game da ma'aurata. Dokar hana tsangwamar masu cuta mai karya garkuwar jiki ta 2014, wadda ta hana tilasta wa mutum bayyana matsayinsa kafin a ɗauke shi aiki ko a yi masa hidima, ita ce kuma ta ba abokin zaman aure haƙƙin sanin matsayin abokin zamansa idan yana ganin yana cikin haɗarin kamuwa. A aikace, ma'aikata sun fi bin hanyar lallashin mai cutar ya faɗa da bakinsa, ko a zaunar da su biyun a gaban mai ba da shawara. A gidan da ke da mata uku, lissafin ya wuce na mutum biyu, kuma matar da aka fara ganowa a wajen awon ciki ita ake ɗora wa laifi ko da ba daga gare ta abin ya faro ba. Ma'aikacin da ya yi gaggawar kiran miji a waya zai iya kashe aure kafin magariba.

Gwajin kafin aure ya ƙara faɗaɗa da'irar. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa masu shirin aure a Kano gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta da rukunin jini mai nuna haɗarin sikila. Manufar tana da kyau, duk wanda ya ga wahalar yaro mai sikila ba zai yi jayayya ba. Tambayar ita ce hannu nawa takardar za ta bi. Waliyyi zai gani, wakilin ango zai gani, liman zai gani, wataƙila a karanta a gaban shaidu. Ra'ayina shi ne sakamakon na mutum biyu ne, ango da amarya, a gaban ma'aikacin lafiya. Abin da ya kamata ya je masallaci takarda ce mai cewa an yi gwajin, an yi wa kowannensu bayanin na ɗan'uwansa. Idan auren ya fasu, ya fasu ba tare da unguwa ta san dalili ba. Addini ma bai bar wannan fage ba. Hadisin da ke cewa wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa sananne ne, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na 1993 a Brunei, ta yanke cewa riƙe sirrin mara lafiya wajibi ne, sai inda cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa.

Akwai kuma inda shirun ne laifi. Kwalara da zazzaɓin Lassa da sanƙarau da mashaƙo cututtuka ne da dole a kai rahotonsu ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa jiha har hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC. Ɓarkewar mashaƙo da ta faro a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, ba a iya bin sawunta sai da sunaye da adireshi. Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa asibiti ya karɓi mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, sannan ya sanar da ofishinsu mafi kusa cikin awa 2 da fara jinya. Amma wannan bai mai da kakin ɗan sanda mabuɗin ɗakin kati ba. Jami'in da ya zo da baki kawai yana neman fayil, abin da za a nema daga gare shi umarnin kotu ne ko dokar da ta ba shi dama. Haka kamfanin da ke biya wa ma'aikatansa kuɗin asibiti: lissafin kuɗi haƙƙinsa ne, sunan cutar ba nasa ba ne. Tun da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, bayanan da ke fita daga asibiti zuwa kamfanonin inshora da hukumomin jiha sai ƙaruwa suke, kuma ƙa'idar ita ce a tura iya abin da biyan kuɗin ke buƙata.

Idan kati ya koma kwamfuta

Asibitoci da yawa suna barin takarda suna komawa manhaja, shirin maganin cuta mai karya garkuwar jiki ma har hoton yatsa yake ɗauka don hana rajista sau biyu. Kwamfuta tana da fa'idar da takarda ba ta da ita: tana iya nuna wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe. Amma fa sai idan kowane ma'aikaci yana da lambar sirrinsa. Inda ɗaki guda ke amfani da lamba ɗaya da aka manna a jikin allo, an yi asarar fa'idar, an kuma ƙara haɗari, domin ɓarawon takarda abin da hannunsa zai iya ɗauka yake sata, na kwamfuta kuwa asibitin gaba ɗaya yake kwashewa.

Ƙasashen da suka riga mu sun biya kuɗin wannan darasi. A 2018, shekarar da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, an ci wani asibiti a Barreiro ta ƙasar Fotugal tarar yuro 400,000. Masu bincike sun tarar da asusun shiga 985 masu matsayin likita, alhali likitocin asibitin 296 ne. Babu ɗan kutsen da ya shiga, sakacin rufe asusun waɗanda suka tafi ne da ba wa kowa damar ganin komai. A Finland, a 2020, ta bayyana cewa wani ya saci bayanan zaman shawara na mutum kusan 33,000 daga kamfanin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Vastaamo, ya nemi kuɗin fansa. Da kamfanin ya ƙi biya, sai ya koma aika wa marasa lafiyan saƙo ɗaya bayan ɗaya yana neman yuro 200, in ba haka ba ya wallafa abin da suka faɗa wa likitansu. Kamfanin ya durƙushe a 2021, a 2024 kotu ta ɗaure mutumin shekara 6 da wata 3. A Amurka, a watan Fabrairun 2024, masu kutse sun shiga kamfanin Change Healthcare, wanda ke sarrafa takardun biyan kuɗi tsakanin asibitoci da kamfanonin inshora, ta wata ƙofa da ba a sa mata matakin tantancewa na biyu ba. Bayanan mutum kimanin miliyan 190 abin ya shafa, kamfanin ya biya fansar dala miliyan 22, likitoci da shagunan magani suka yi makonni kuɗinsu a maƙale. Darasin wannan ga ƙaramin asibiti a Zariya ko Gusau shi ne yaron da ya girka masa manhaja, wanda bayanan ke kan kwamfutarsa ta hannu, shi ma ƙofa ne, kuma idan ya yi sakaci asibitin doka za ta kama.

Amurka ta koyar da wani darasin ta ɗaya gefen. Dokarsu ta HIPAA mai kare bayanan marasa lafiya, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996, ƙa'idojinta na sirri suka fara aiki a 2003, ta jefa ma'aikata cikin tsoron da ya wuce abin da ta ce. An riƙa hana dangi labarin ɗan'uwansu da sunan doka, har sai da ma'aikatar lafiyarsu ta yi ta fitar da bayani cewa ana iya magana da dangin da ke kula da mara lafiya idan bai ƙi ba, kuma kiran suna a ɗakin jira ba laifi ba ne. Ina jin tsoron mu ma a faɗa wannan rami, inda "doka ta hana" za ta zama sabuwar hanyar korar talaka daga taga.

Game da tara kuwa, a asibitin gwamnati daga aljihun da ake sayen magani da man janareta za ta fito. Cibiyar lafiya ta ƙauye mai ma'aikata uku, wadda ba ta da kabad mai makulli, ba ita ya kamata a tambaya ina jami'in kare bayananta ba. Hukumar lafiya matakin farko ta jiha, wadda ke ɗaukar ma'aikatan tana tattara rahotanninsu, ita ce ta dace ta ɗauki wannan nauyi a madadin cibiyoyinta duka. Idan aka sa takardar shaidar bin doka a gaba, abin da za a samu shi ne asibiti ya biya ƙwararre ya rubuta masa kundin manufofi da Turanci mai shafi 40, a ajiye a ofishin shugaba, fayil kuma ya ci gaba da kwana a ƙarshen gado. Mai binciken da ke son sanin gaskiya ya duba makullin ɗakin kati, da labulen ɗakin haihuwa, da jerin masu lambar shiga kwamfuta, ya kuma tambayi masinja da mai shara ko an taɓa zaunar da su an yi musu bayani da Hausa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma sai an gaya wa ma'aikaci wace magana ce ta ajiyewa.

Wani haƙƙin da asibitoci suka fi mantawa shi ne na mara lafiya ya ga bayanansa. Mutum zai koma wani asibiti ya nemi kwafin gwaje-gwajensa, a ce masa fayil na asibiti ne, ya je can ya sake biyan kuɗin gwajin da aka riga aka yi. Takardar ta asibiti ce, gaskiya, kuma ba za a goge tarihin jinya don mai shi ya nema ba tunda Dokar Lafiya ta wajabta ajiye shi. Amma dokar 2023 ta ba shi haƙƙin karɓar kwafi da neman a gyara kuskure, kamar rukunin jinin da aka rubuta ba daidai ba. A Amurka, tun 2019 hukumomi suke cin asibitoci da ƙananan ɗakunan likitoci tara kan jinkirta ba wa mutane kwafin nasu. A nan gida, wanda aka hana shi kwafi ko aka yaɗa sirrinsa yana iya kai ƙorafi NDPC, yana iya neman diyya a kotu, yana kuma iya kai ƙarar ma'aikacin gaban MDCN ko majalisar kula da nas-nas da ungozoma. Ta ƙarshen ce ma'aikata suka fi shakka, domin a can lasisin aiki ake taɓawa.